Taswirar ƙasar da na ƙirƙira: da wace manhaja zan zana, kuma ta ina ake farawa?

Hauwa'u Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Shawara nake nema. Labarin da nake rubutawa yanzu a wata ƙasa ta ƙirƙira yake faruwa, masarautu uku ne, hamada na arewa da su, ga gulbi ɗaya da kowa ke so ya mallaka. Masu karatu sun fara tambayata wane gari ya fi kusa da wane, ni kuma ina son in sa taswira a shafin farko idan an zo bugawa. Abin da ke hannuna waya ce Android da tsohuwar laftof ɗin yayana mai RAM 4. Ina jin ana ambaton Inkarnate da Wonderdraft da Azgaar. Wanne zan kama? Wanda ya taɓa yi don Allah ya gaya mini ta ina ake farawa.

Sadiq: Wa alaikumus salam Anti. Me zai sa ki wahalar da kanki? Ki rubuta wa AI bayanin ƙasar, cikin minti ɗaya ya fito miki da taswira mai kyau.

Nasiru Mai Zane: Sadiq, hoto zai fito mata da shi, ba taswira ba. An sha kawo mini irinsu shago a ce in gyara. Daga nesa gwanin sha'awa, kana matsowa ka ga sunayen garuruwa ba su karantuwa, gulbi ya hau kan dutse ya sauko ta wancan gefen. Babbar matsalar kuma komai a manne yake wuri ɗaya. Idan gobe Hajiya Hauwa ta ce a matsar da gari ɗaya zuwa gabas, sai dai a sake sabo, sabon kuma ba zai yi kama da na farko ba.

Sadiq: To ai ana iya cire rubutun a sa na hannu daga baya.

Nasiru Mai Zane: Ana iyawa, amma gulbin fa? Da hanyoyin? Ƙarshenta kai za ka sake zana duka. Idan don a samo launi ne ko salon ado na gefen takarda, ban hana ba.

Abdul GIS: Anti Hauwa, bari in rarrabe miki ukun nan, don ba aiki ɗaya suke yi ba.

Inkarnate a burauza yake, sai da intanet. Za ki shafa ƙasa da ruwa da buroshi, sannan ki riƙa ɗauko duwatsu da itatuwa da gidaje da aka riga aka zana kina dasawa. Akwai na kyauta mai kaya kaɗan, akwai na biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma idan littafin sayarwa ne sai kin karanta sharuɗɗansu kan kasuwanci. Wonderdraft kusan haka yake aiki, sai dai shi sau ɗaya ake saye, a sa a kwamfuta, ya yi aiki ko babu data.

Azgaar daban ne, kuma shi nake so ki fara gwadawa. Kyauta ne, a burauza. Shi ba zane yake ba ki ba, duniya yake lissafa miki. Yana fara da tudu da kwari, ya sa iska ta kawo ruwan sama, ruwan ya gangara ya zama gulabe, daga nan ya raba inda zai zama hamada da inda zai zama daji, ya zauna da garuruwa, ya ja iyakoki da hanyoyi. Kina iya gaya masa ƙasarki tana wane layi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryarta, ki sauya inda iska ke fitowa. Idan kin gama ki adana fayil ɗinsa na .map, ki kuma fitar da taswirar a SVG (zanen layi) ko PNG (hoto). A waya bai da daɗin aiki, amma laftof ɗin nan za ta ɗauka muddin ba ki cika masa ɗigo da yawa ba.

Anti Luba: Ni fa ina da ja tun daga tushe. Mun tashi muna sauraron tatsuniya da labaran sarakuna da aljanu, ba wanda ya taɓa nuna mana taswira, kuma har yau ina ganin garuruwan a idona. Hauwa'u, tsorona kada ki bar rubutu ki koma wasa da duwatsu a kwamfuta. Na ga waɗanda suka yi wata da watanni suna gyaran bakin teku, labarin kuwa yana nan a babi na uku.

Hauwa'u Mabera: Gaskiya ne Anti, kuma na ji. Amma labarin nan yaƙi ne a kan ruwa da hanyar fatake. Idan ban san kwana nawa ne daga babban birni zuwa mashigin gulbi ba, ba zan san ko taimako zai iso kafin a ci garin ba. Ko ba a buga taswirar ba, ni kaina ina bukatarta.

Anti Luba: To wannan hujja ce. Idan don ke ce, na yarda.

Malam Umaru Runjin Sambo: Salamu alaikum. Na karanta abin da kunka rubuta duka. Ni jogarafi na koyar shekaru masu yawa, manhajojin ga yara sunka nuna min su, na kuma zauna na duba. Ɗiyata Hauwa'u, kada ki buɗe kwamfuta tukuna. Ki samo takarda da fensir, ki fara da tambaya ɗaya: ina mutanen ga ke shan ruwa a watan da rani ya kai maƙura?

Dalilina shi ne, kayan ga duka an yi su ne da tunanin ƙasar da ruwa bai yankewa. Gulbi shuɗi ne shekara duka, gari na bakin teku, daji na da duhu, dutse na da ƙanƙara a kai. Ƙasarki kuwa mai hamada ce a arewa, wato irin tamu. Dubi inda muke zaune nan Sakkwato. Gulbin Rima ya taso da ruwan Gagare da Bunsuru da na Maraɗi, ya zo ya haɗu da gulbin Sakkwato nan kusa da birni, sunka gangara ta Argungu da Birnin Kabi har Kwara. Da damina fadama ta cika ta batse, da rani ruwan ya ja baya ya bar ƙasa mai danshi, anan ake albasa da shinkafa da rake. Garuruwa ba cikin fadama sunka zauna ba, a kan tudun da ke bakinta sunka zauna, kusa da ruwa amma inda ambaliya ba ta kai ba. Sakkwato kanta bisa tudu take, Wurno ma haka. Alkalawa ta Gobir a kwarin Rima take. In kin gane wanga, kin san inda za ki aje masarautunki uku ba tare da wata manhaja ta gaya miki ba.

Sannan akwai gulbin da ya mutu. A Nijar akwai Dallol Mawri da Dallol Boso, kwaruruka ne na tsoffin gulabe, sama babu ruwa mai gudu, amma in anka gina rijiya ba a nisa ake cim ma ruwa. Shi ya sa garuruwa sunka jeru cikinsu. Babu manhajar da za ta ba ki wanga da kanta, kuma a labarin da ake faɗa a kan ruwa, irin wannan kwari ya fi dutse goma amfani.

Abdul GIS: Allah ya ƙara lafiya Malam. Amma in an saita Azgaar daidai yana fitar da hamada da saheli fa. Ki sa ƙasar tsakanin digiri 10 da 20 arewa, Sakkwato tana wajen 13, ki juya iskar ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, ki rage ruwan sama. Za ki ga kudu ya yi kore, arewa ta bushe.

Malam Umaru Runjin Sambo: Na yarda Abdul, amma shekara ɗaya yake lissafawa dunƙule. Bai san damina da rani ba. Mu nan ruwa daga Yuni zuwa Satumba yake, sannan iska ta juya ta taso daga arewa maso gabas, hunturu ya shigo. Ƙasa ɗaya ce amma taswira biyu gare ta. Mashigin da jaki ke ƙetarewa a watan Maris, a Agusta sai da kwalekwale. Yaƙi ma da rani aka fi fita, bayan an kai amfanin gona gida, hanya ta bushe, doki na iya tafiya.

Nasiru Mai Zane: Wannan maganar ta Malam a wajenmu masu zane abu ne mai sauƙi, leya ce, wato shimfiɗar zane da ake ɗora wa wata, a kunna ta ko a kashe. Ki yi leyar ruwan damina daban, ta rani daban, ki kunna wadda kike so. Kuma a nan ne nake ganin Inkscape, manhajar zanen layi, ya fi duka waɗancan dacewa da ke, Hajiya. Kyauta ne, ba ya son data, ba ya cin ƙarfin kwamfuta sosai.

Ga yadda nake yi idan marubuci ya kawo mini aiki. Ya zana a farar takarda da fensir, in ya gamsu ya bi da baƙin biro. A ɗauki hoton da waya a inuwa, wayar na kallon takardar kai tsaye, kada ta karkace. In shigar da hoton Inkscape, in rage masa haske, in kulle shi a can ƙasa. Sai in bi layukan da alƙalamin manhajar, kowane abu da leyarsa: iyakar ƙasa, tuddai, gulabe, fadama, rijiyoyi, hanyoyi, garuruwa, sunaye a can sama. Tunda zanen layi ne ba ɗigo-ɗigon hoto ba, ko allon talla za a buga ba zai fashe ba. Ranar da aka ce a matsar da gari, ɗauka kawai zan yi in aje.

Wanda ya fi son zanen da ya yi kama da na hannu sai ya haɗa da Krita ko GIMP, su ma kyauta ne. In waya ce kaɗai, ibis Paint X na da leya, mutane na yin aiki mai kyau da shi, sai dai sa sunaye da yawa a ƙaramin allo akwai cin rai.

Hauwa'u Mabera: Malam Nasiru, to duwatsu da itatuwa fa? Ni ban iya zane ba. Abin da ya ja ni ga Inkarnate ke nan, komai a shirye.

Nasiru Mai Zane: A shirye, amma na wa? Yawancin abin da za ki tarar gidajen sarakunan Turai ne masu hasumiya, da itatuwan ƙasar sanyi. In kika nemi na hamada sai a ba ki dala irin ta Masar da ƙubba da dabino. Ganuwar ƙasa mai ƙofofi, soro mai zanko, rumbu, rugar Fulani, kuka, giginya, gawo, marina, rijiya mai gwafa, waɗannan sai kin yi da kanki. Kuma ba wuya. Kuka a taswira ba ta wuce kauri a ƙasa da 'yan rassa biyar a sama ba. Ki zana guda uku mabambanta, ki riƙa kwafa kina sauya girma. Wonderdraft ma yana karɓar zanen mutum in an yi shi PNG marar bango, to ko shi kika saya, kayanki za ki zuba masa.

Abdul GIS: Ni dai har yanzu ina ganin kada a raina injin. Mutum in ya zana da ka, yakan yi abin da ƙasa ba ta yi. Misali a raba gulbi biyu a tsakiyar tafiya kowanne ya nufi tekunsa. Gulabe haɗuwa suke yi in suna gangara, ba rabuwa ba.

Malam Umaru Runjin Sambo: Galibi haka ne, amma kada ku mai da shi doka marar togiya. Kwara a ƙasar Mali, kafin Tumbutu, ta bazu cikin fili ta rarrabu ta zama tafkuna da fadamu, sannan ta sake haɗewa. Ruwan Haɗeja da Jama'are ma ya watsu a dausayin Nguru, abin da ya tsira ya bi Komadugu Yobe zuwa tafkin Cadi, tafkin da bai da mafita zuwa teku. Kwara ɗin ma ai daga tuddan Gini ta taso, ba nisa da teku, ta ba shi baya ta nufi hamada, ta yi kwana ta dawo kudu, tafiyar sama da kilomita 4,000. Da ɗalibi ya zana haka da ka, da an ce bai iya ba. Abin kiyayewa shi ne ruwa bai hawa tudu. In fili ya kwanta shamal, yana iya rarrabuwa.

Abdul GIS: Na karɓa Malam. To ga wata hanya da ta haɗa mu. A shekarar 2000 NASA ta auna tudu da kwarin mafi yawan duniya daga sama, bayanan ana kiransu SRTM, kyauta ake saukewa, kowane ɗigo kusan mita 30 ne a ƙasa. Sai a ɗauko wani yanki na gaske, a buɗe a QGIS, manhajar aikin taswira, a fitar da shi hoto mai fari da baƙi, fari tudu, baƙi kwari. A juya shi, a kifa, a haɗa da wani yankin. Kwarurukan da ruwa ya sassaƙa da gaske suna nan, amma ba mai gane ina ne. Azgaar na karɓar irin wannan hoton ya gina duniya a kai.

Hauwa'u Mabera: Abdul wannan ya yi mini nisa yanzu, amma na adana saƙon.

Anti Luba: Ku dawo kan tambayarta ta kwana nawa. Ita ce ta shafi labari.

Malam Umaru Runjin Sambo: Madalla Hajiya Luba. Ɗiyata, a ƙasan taswirarki kada ki rubuta kilomita, mutanen labarinki ba su san ta ba. Ki auna da zango. Ayarin jakuna da kaya yakan yi abin da bai wuce kilomita 20 zuwa 30 a yini ba, manzo bisa doki ya fi haka nesa. Ki yanki zare ki ce wanga tsawon yini guda ne, ki bi hanyar da shi kina sa ɗigo. Duk inda ɗigo ya faɗa, ko dai akwai rijiya da zango, ko kuwa akwai dalilin da ya sa babu, kuma dalilin nan labari ne. Tsakanin Zamfara da nan akwai dajin Gundumi, matafiyan da sunka gabata sun san shi da rashin ruwa da hatsari, ayari kan cika salka ya ratsa shi dare da rana ba tsayawa. Bature Clapperton da ya taso daga Kano a 1824, kusan mako uku ya yi kafin ya iso Sakkwato.

Kuma tunda na ambace shi, a wannan zuwan ne ya samu taswira a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wadda ke nuna Kwara da garuruwa da hanyoyin ƙasashen ga, da rubutun Larabci, anka buga ta a Landan a 1826. Ki neme ta ki gani. Ba ta damu da ainihin lanƙwasar ƙasa ba, abin da ta damu da shi wane gari ke bin wane, ina hanya ta bi, ina ruwa yake. In taswirar littafinki wani malamin fada ne na cikin labarin ya zana ta, to da irin wagga za ta yi kama, ba da ta Turai mai jirgin ruwa a gefe ba.

Hauwa'u Mabera: Allah ya saka da alheri Baba. Wallahi wannan ya buɗe mini ido. Akwai magatakardan waziri a labarin, shi zan ce ya zana. Ke nan zai iya girmama garinsu ya ƙanƙanta na abokan gaba, ya bar hamada fili da rijiyoyi kawai.

Sadiq: Amma in ya karkata, masu karatu ba za su ruɗe ba?

Nasiru Mai Zane: Biyu za ta yi. Ta aiki, mai ma'auni daidai, tana wajenta. Ta littafi kuma ita ce ta magatakarda. A Inkscape fayil ɗaya ne, kwafi kawai za ta yi ta sauya.

Abdul GIS: Kuma ba dole arewa ta kasance sama ba. Taswirar da masanin jogarafi al-Idrisi ya kammala a Sisili a 1154 kudu ce a sama. Anti na iya sa gabas a sama tunda mutanenta can suke fuskanta.

Anti Luba: In dai duniyar ƙirƙira ce, sai ta fara yanke shawara ko akwai alƙibla a cikinta. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, Hauwa'u, ki yi tunani a kai kafin masu karatu su tambaye ki.

Hauwa'u Mabera: Na bar zancen addininsu a rufe da gangan Anti, labarin kafin zuwan littafi ne. Gabas zan sa a sama saboda fitowar rana, in kuma sa alama a fili don kada a ɓata.

Saura sunaye. Na ga Azgaar na ƙirƙiro su da kansa.

Abdul GIS: Yana yi, har da rukunin da ya kira na Najeriya, amma gauraye yake, ba zai yi miki ƙamshin Hausa ba. Akwai wurin da za ki zuba naki jerin, ki ba shi sunayen garuruwa masu yawa, ya koyi yadda gaɓoɓin ke bin juna ya haifo sababbi.

Malam Umaru Runjin Sambo: Wanga kam ban goyi baya ba. Sunan gari a ƙasar ga dalili gare shi: Gidan wane, Tungar wane, Rugar wane, Birnin kaza, Sabon Gari, Rijiyar kaza, Dutsin kaza, Kwaren kaza. Ko ƙofofin birnin ga ku duba, Ƙofar Kware da Ƙofar Dundaye inda hanya ta nufa sunka faɗa, Ƙofar Marke itace, Ƙofar Atiku mutum. Mai karatu na ganin Tunga ya san ƙaramin wuri ne, na ganin Birni ya san akwai ganuwa. Inji zai ba ki sauti marar ma'ana, ki rasa rabin aikin da taswira ke yi.

Abdul GIS: Ga masarautar da ba Hausa take ji ba fa Malam? Ta hamadar?

Malam Umaru Runjin Sambo: Can kam ka yi amfani da injinka.

Nasiru Mai Zane: Bari in faɗi na ɗab'i kafin caji ya ƙare mini, don nan ne aiki ke lalacewa. Na ɗaya, haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu masu ado da ke cikin manhajojin nan ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Kina rubuta Ƙofar Ɗanbaba sai ki ga akwati a madadin harafin, ko harafin ya fito da wani salo daban. Ki sauke Charis SIL ko Gentium ko Noto Serif, duk kyauta ne kuma suna da su. In kina son ajami a taswirar magatakarda, akwai Alkalami, an yi shi ne a kan salon rubutun hannu na ƙasar nan, akwai kuma Harmattan. Ki gwada suna ɗaya tukuna ki tabbatar haruffan sun haɗu daidai daga dama zuwa hagu.

Na biyu, kafin ki kai wa mai bugawa ki ajiye kwafi, a ɗayan ki mai da duk rubutun ya zama zane, sannan ki fitar da PDF. Yawancin shagunanmu da CorelDRAW suke aiki, in kwamfutarsu ba ta da salon rubutunki za ta musanya shi da wani, ƙugiyoyin su zube.

Na uku, cikin littafi baƙi da fari ake bugawa, a takarda mai shan tawada. Launin ƙasa-ƙasa mai kyau ɗin nan da kike gani a allo toka zai koma, sunaye su nutse. Layi baƙi a farin fili shi ne ke fita. In hoto ne ba zanen layi ba, shafin A5 na son ɗigo 1748 a faɗi, 2480 a tsawo, wato 300 a kowane inci. Kuma in taswirar za ta ci shafi biyu, kada ki sa babban birni a tsakiya, ɗinki zai cinye shi.

Hauwa'u Mabera: Na rubuta duka. Yau da dare zan fara da fadama da rijiyoyi a takarda, in auna zangon da zare. Malam Nasiru, in na bi da biro zan turo hoton ka duba ko ya isa a bi a Inkscape. Baba Umaru, masarauta ta uku a kan dutse take nesa da gulbi, ban san me zan ba su su sha ba.

Malam Umaru Runjin Sambo: Ki ba su tafki a gindin dutsen, wanda ke riƙe ruwa zuwa tsakiyar rani, da rijiyoyi masu zurfi cikin ganuwa. Ki kuma faɗaɗa ganuwar ta zagaye gonaki, don in an yi musu zobe su samu abin ci. In kin samu hali ki sa a kai ki Surame ta wajen Binji, kufan birnin Kanta, ki ga yadda anka yi ganuwa da dutse. Ki turo zanen nan cikin zaure in duba inda kika aje tafkin, don in yana bisa ga garin, ambaliya za ta ci su da damina.